Ledar masara mai ƙara: yadda wani kamfanin Amurka ya yi fama da leda mai ruɓewa

Asalin lamarin

Kamfanin da za a yi magana a kansa babban mai yin kayan ƙwalama ne a Amurka. Hedikwatarsa tana jihar Texas, kuma reshe ne na wani katafaren kamfanin lemon kwalba. A 1991 ya fito da wani soyayyen abin taunawa, falle-falle, mai garas-garas, wanda ake yi da garin masara da alkama da wasu hatsi ba a cire musu dusa ba. Da farko an tallata shi a matsayin abin da ya fi soyayyen dankalin Turawa amfani a jiki, daga baya aka ɗora masa tallan kula da muhalli. A 2008 masana'antar kamfanin da ke Modesto a jihar Kalifoniya ta fara tara zafin rana da madubai, tana samar da tururin da ake zafafa man suya da shi. An yayata wannan sosai. Sai dai duk wanda ya ci ya gama, abin da ke rage masa a hannu leda ce da ba ta da inda za ta nufa sai bola.

Ledar irin wannan kaya, mai ƙyalli daga ciki, ido na ganinta falle ɗaya, amma ba haka take ba. Fallen waje roba ce da ake kira polifirofilin, a kanta ake buga suna da hoto. Na ciki ma ita ce, amma an fesa mata alminiyom siriri ƙwarai, wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na silin gashi ba. A tsakaninsu akwai gam, ko narkakkiyar roba, da ke riƙe su wuri guda.

Ba don ado aka yi wannan haɗi ba. Abin da aka soya da mai, danshi ya shige shi ya yi laushi, garas-garas ɗin ya tafi. Iskar oksijin da haske kuma su ke lalata man har ya canja ɗanɗano ya fara wari. Shi ya sa kafin a liƙe bakin ledar ake hura mata iskar naitirojin, ta kori iskar da ke ciki, ta kuma kumbura ledar don kada kayan su farfashe a mota. Dole ledar ta riƙe wannan iska makonni da dama, daga masana'anta zuwa sito zuwa kanti zuwa gida.

Haɗin da ya sa ledar ta yi inganci shi ne kuma ya hana a sake sarrafa ta. Masu narkar da tsohuwar roba iri ɗaya suke so, tsaftatacciya. Falle-fallen da aka manne da gam, ga tawada ga ƙarfe ga maiƙo, babu mai raba su a farashin da zai fitar da shi. Don haka kamfanin ya juya tambayar: tunda ba za a iya narkar da ita ba, ko za a iya yin wadda za ta ruɓe ta koma ƙasa?

Afrilu 2009: kashi ɗaya cikin uku

Robar da aka zaɓa ita ce PLA, kuma daga masara take. Ana fitar da sitacin masara a mayar da shi sukari, a ba ƙwayoyin bakteriya su ci su fitar da sinadarin tsami, irin wanda ke sa nono ya yi tsami. Wannan sinadari ake tacewa, a haɗa ƙwayoyinsa su zama dogayen sarƙoƙi, sai ga roba da za a iya narkarwa a shimfiɗa falle. Kamfanin NatureWorks, wanda kamfanonin Cargill da Dow suka kafa tare a 1997, shi ke yin ta a garin Blair na jihar Nebraska, tsakiyar ƙasar noman masara. Masana'antar ta fara aiki a 2002, an gina ta don fitar da tan 140,000 a shekara. Wato a lokacin da kamfanin ƙwalaman ya tashi neman leda, akwai inda zai sami robar da yawan da yake bukata, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ido ya faɗa kanta.

Ba a yi gaggawa ba. A Afrilu 2009, daidai da Ranar Duniya ta kula da muhalli da ake yi kowace 22 ga watan, aka fito da leda wadda fallenta na waje kaɗai aka yi da PLA, kimanin kashi ɗaya cikin uku na ledar. Na ciki aka bar shi yadda yake. Wannan leda ba ta ruɓewa, tunda kashi biyu cikin uku nata robar man fetur ce, amma ta ba kamfanin damar ganin yadda sabon fallen ke ɗaukar tawada da yadda yake bi ta cikin injinan ɗura kaya. Ta shiga kasuwa ba tare da wani surutu ba. Kamfanin ya yi alkawarin cewa nan da shekara guda ledar za ta zama mai ruɓewa gaba ɗayanta.

Farkon 2010: leda mai ruɓewa gaba ɗaya

Fallen ciki shi ne mai wuya. PLA ba ta tare danshi kamar polifirofilin, tururin ruwa na ratsa ta da sauƙi, ga shi kuma danshi ne babban abin gudu. Sai da aka nemo yadda za a sa mata alminiyom ya zauna daram, da tawada da gam waɗanda ba za su hana ruɓewa ba. Kamfanin ya ce aikin ya ci shekara huɗu. A ƙarshe aka sami leda wadda fiye da kashi 90 cikin ɗari nata PLA ce, kuma tana tsare kayan yadda ake so.

An kai ta gwaji. Ma'aunin Amurka na roba mai ruɓewa a taki, wanda ake kira ASTM D6400, sharuɗɗansa a fili suke. Ana sa robar cikin taki mai danshi a ajiye shi a zafin digiri 58 na Salshiyos. Cikin mako 12 dole ta dagargaje, har abin da zai rage a kan rariya mai idon milimita 2 kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Cikin kwana 180 dole ƙananan halittun da ido ba ya gani, irin su bakteriya, su cinye kashi 90 cikin ɗari na sinadarin kabon da ke jikinta su mayar da shi iska. Sannan a duba ko ta bar ƙarafa masu guba, a kuma shuka iri a takin a ga ko zai tsiro lafiya. Ledar ta haye, ta sami shaidar cibiyar BPI mai tantance irin waɗannan kaya. Wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a jihar Maine, Woods End, shi ma ya gwada ta.

Daga farkon 2010 ta fara shiga kantuna, aka yi babban talla a watan Afrilu. Saƙon shi ne ledar za ta ruɓe cikin kimanin mako 14 a tulin taki mai zafi, mai aiki. A talabijin an nuna hoton leda kwance cikin ƙasa, ana gudu da kwanaki, tana yayyagewa har ta ɓace.

Daga Afrilu zuwa Agusta 2010: ƙara

Ƙorafin da ya fara zuwa ba na ɗanɗano ba ne, ba na farashi ba. Na ƙara ne. Da ka taɓa ledar sai ta ɗauki kwaramniya mai kaifi, in ka sa hannu ciki kuwa na ɗaki na gaba ma ya ji. Mutane suka shiga ɗora bidiyo a YouTube suna murza ta kusa da na'urar auna sauti. Wani matuƙin jirgin sojan sama ya auna da tasa na'urar ya sami desibel 95 a sabuwar ledar, ya sami 77 a ledar wani kayan na kamfanin wadda ba a canja ba. A Facebook aka buɗe wani shafi wanda sunansa ke cewa a yi haƙuri, ba na jin abin da kake faɗa saboda ƙarar wannan leda. Kafin Oktoba mabiyansa sun haura 40,000. A watan Agusta jaridar Wall Street Journal ta buga labarin, daga nan ya bazu ko'ina.

Ma'aunin desibel ba ya tafiya kamar mudu. Ƙarin 10 kunne na jin sa kamar an ninka ƙara sau biyu. Hirar mutum biyu kusan 60 ce. Kamfanin da kansa daga baya ya ce ledar tana kai 80 zuwa 85, alhali ledar da aka saba tana wajen 70. Ko da nasa lissafin aka ɗauka, kunne na jin ta ninki biyu zuwa kusan uku na wadda ya saba da ita. Ga mai ci a ofis, ko a ɗakin karatu, ko kusa da jariri mai barci, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Dalilin ƙarar yana cikin halin robar kanta. Kowace roba tana da wani mizanin zafi wanda a ƙasa da shi take sandarewa ta yi tauri, a sama da shi kuma sarƙoƙinta su saki ta yi laushi. Na polifirofilin yana kusa da sanyin da ruwa ke daskarewa, don haka a kowane ɗaki da kowane kanti a sake take, ka lanƙwasa ta ta bi. Na PLA kuwa yana tsakanin digiri 55 da 60. Ma'ana a duk inda mutum zai iya zama ya ci abinci, PLA a sandare take. Bambancinsu kamar na busasshiyar fatar saniya ne da fatar da ta sha jima: ɗaya ka naɗe ta shiru, ɗaya kuwa ta ƙi lanƙwasuwa har sai ta karye wuri guda da ƙarfi. Fallen PLA haka yake yi, yana tirjewa, sai ya ba da kai farat ɗaya, kuma kowane karyewa bugu ne da ke girgiza fallen duka. A ledar 2009 fallen ciki mai laushi yana shanye wannan girgiza. A ta 2010 waje tauri, ciki tauri, babu mai shanyewa.

Matakin farko da kamfanin ya ɗauka shi ne lallashi. Ya sa alluna a jikin kantocin shaguna masu cewa e, ledar tana da ƙara, amma ƙarar canji ke nan. Ƙorafin bai tsaya ba. Alƙaluman kamfanin SymphonyIRI mai bin diddigin ciniki, waɗanda ba su haɗa da shagunan Walmart ba, sun nuna cinikin kayan ya ragu da kimanin kashi 11 cikin ɗari a tsawon mako 52.

Oktoba 2010: janyewa

A farkon Oktoba kamfanin ya sanar cewa biyar daga cikin nau'o'in ɗanɗano shida za su koma tsohuwar leda. Na asali kaɗai aka bari a mai ruɓewa, aka ce injiniyoyi na neman wadda ba ta da ƙara.

Reshen kamfanin na Kanada bai bi ba. Ya riƙe ledar, ya fito fili ya ce tana da ƙara amma tana da amfani ga muhalli, ya kuma yi tayin aika wa duk wanda ta dama abin toshe kunne kyauta.

Ƙarshen 2010: tulin taki

Ana cikin maganar ƙara, wata magana ta taso a gefe wadda ba ta sami rabin kulawar ba, ashe a nan gizo ke saƙar. Mutanen da suka sa ledar a tulin takin bayan gidansu suka fara cewa watanni sun wuce tana nan. Mujallar Consumer Reports, mai gwada kaya don amfanin masu saye, ta binne ta a tulin taki irin na gida har mako 13. Da aka tono, kusan yadda aka sa ta haka take.

Ba ƙarya kamfanin ya yi ba, kuma ba kuskure masu gwajin suka yi ba. PLA hawa biyu take ruɓewa. Ƙananan halittun da ke cikin taki ba sa iya cin dogayen sarƙoƙinta yadda suke. Sai ruwa ya fara shiga jikin robar ya tsittsinka su gajeru, sannan su sami abin kamawa. Wannan hawa na farko kuwa ba ya sauri sai robar ta saki, ba ta kuma saki sai zafi ya kai wajen digiri 55 zuwa 60. A ƙasa da haka tsinkewar na tafiya, amma a hankali ƙwarai, ana maganar shekaru ne ba makonni ba.

A masana'antar yin taki samun wannan zafi ba wuya. Tuli ne mai girma, ana auna ɗanyen ganye da busasshe, ana ba shi ruwa, ana juya shi da inji, cikinsa na yin kwanaki a sama da digiri 55 saboda zafin da ƙananan halittun ke fitarwa suna ci. Wanda ya taɓa tura hannu cikin babban tulin kashin shanu mai danshi ya san wannan zafi. Tulin bayan gida kuwa ƙarami ne, ɓawon kayan miya da ganyen da aka share, ana zubawa kaɗan-kaɗan. In ma ya yi zafi, a tsakiya ne na 'yan kwanaki, ya huce. A jihohin arewacin Amurka yakan daskare ma da hunturu.

Mai karatu a Sakkwato ko Maraɗi zai iya cewa ai mu zafi bai yi mana ƙaranci ba. Gaskiya ne iska na wuce digiri 40 a watan Afrilu, amma ba ta kai 55 ba, kuma lokacin da aka fi zafi shi ne lokacin da aka fi bushewa. Zafi ba ruwa ba ya tsinka sarƙar PLA. Ledar da aka yar a fili, a nan ko a can, za ta daɗe kamar sauran leda, kuma akuya za ta iya haɗiye ta kamar sauran.

To ina masana'antun takin? A 2010 ƙalilan ne daga garuruwan Amurka ke kwashe ragowar abinci daban daga ƙofar gida. San Francisco ta wajabta raba shi a 2009, kuma ana ba da misali da ita ne saboda irinta ba su da yawa. Mafi yawan wuraren yin taki ganye da ciyawa kawai suke karɓa. Don haka ga akasarin masu saye, ledar da aka yi shekara huɗu ana haɗawa ta bi motar shara ɗaya da tsohuwar, ta sauka a rami ɗaya, inda ake danne shara a rufe, babu iska babu zafin da take bukata.

Fabrairu 2011: gam

Injiniyoyin sun gwada hanyoyi da dama. Abin da ya yi aiki ya fito ne daga inda ba a sa rai ba, wato gam ɗin da ke tsakanin fallen waje da na ciki. Aka canja shi da wani mai danƙo, mai taushi. Jami'in da ke kula da wannan aiki ya shaida wa kamfanin dillancin labarai na AP cewa shi kansa da farko bai yarda abu siriri haka zai yi wani tasiri ba.

Yadda yake aiki a bayyane yake. In falle biyu masu tauri suna manne da gam mai tauri, tamkar falle ɗaya suke, girgizar ɗaya ita ce ta ɗayan. In kuwa abin da ke tsakaninsu mai danƙo ne, duk lokacin da ledar ta lanƙwashe fallen biyu na ɗan zamewa a kan juna, gam ɗin ya miƙe ya dawo, ya cinye ƙarfin girgizar kafin ya zama sauti. Dabara ce da aka daɗe ana amfani da ita a gilashin gaban mota, inda ake sa roba tsakanin gilashi biyu.

A ƙarshen Fabrairu 2011 aka sanar da sabuwar leda. Ƙararta ta sauko zuwa wajen desibel 70, daidai da sauran ledoji, kuma ba ta rasa shaidar ruɓewa ba. Wata biyar bai cika ba tun janyewar. An sa ta a ɗanɗano na asali, aka ce za a ga yadda mutane za su karɓe ta kafin a faɗaɗa.

Daga 2011 zuwa 2025

Ba a koma wa yadda aka faro a 2010 ba. A shekarun da suka biyo baya ledar mai ruɓewa ta bar kantuna, kayan ya koma leda irin ta kowa.

Dokoki kuma suka ƙara tsanani a kan abin da za a rubuta a jikin kaya. Kalifoniya ta yi doka a 2011, ta fara aiki a 2013, wadda ta hana a rubuta wa kayan roba cewa suna ruɓewa haka kawai, sai dai a ce suna ruɓewa a taki, shi ma sai sun haye ma'auni. A 2012 hukumar kula da ciniki ta tarayya ta sabunta ƙa'idojinta na tallan muhalli, ta ce duk kayan da ba zai ruɓe a takin gida ba, ko wanda mafi yawan masu saye ba su da inda za su kai shi, dole a bayyana hakan.

Kamfanin bai bar neman ba. A 2017 uwar kamfanin ta ƙulla yarjejeniya da Danimer Scientific a kan wata roba daban, PHA, wadda bakteriya ke tarawa a cikin jikinsu idan an ciyar da su man tsirrai. Ita ƙananan halittu na iya cinta kai tsaye, ba sai an jira zafi ya tsinka ta ba, don haka tana ruɓewa a tuli mai sanyi. A Satumba 2021 aka sake fito da leda mai ruɓewa, wannan karo a wani ƙaramin kaya na kamfanin, a zaɓaɓɓun shaguna irin su Whole Foods. Sai dai ita ma kashi 85 cikin ɗari nata PLA ce, ba PHA ba. An faɗa ƙarara cewa ta masana'antar taki ce, kuma wanda ba shi da irin wannan wuri kusa zai iya aika ledojinsa ta gidan waya ta hannun kamfanin TerraCycle. A Afrilu 2023 kamfanin ya buɗe wurin gwaji na musamman kusa da cibiyar bincikensa a Texas, inda ake binne ledoji a tulin taki iri-iri, har da irin na gida, ana bin yadda suke ruɓewa. A Maris 2025 Danimer ya shigar da takardar karyewar jari.

Abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba

An yi ta zargin masu saye a lokacin, cewa sun fifita jin daɗin kunne a kan lafiyar ƙasa. Ban ga adalci a wannan zargi ba. Ragin ciniki na kashi 11 ba za a ɗora shi duka a kan ƙara ba, kasuwa na hawa da sauka saboda dalilai da yawa, amma ƙorafin kansa gaskiya ne kuma na'ura ta tabbatar da shi. Leda kaya ce da ake riƙewa a hannu a cikin mutane. An auna danshi, an auna iska, an auna ruɓewa, kowanne da lambar da dole a cimma, sauti kuwa ba a ba shi nauyin da ya hana ledar fita ba. Gwajin 2009 ma bai iya bayyana matsalar ba, domin fallen da aka bari a lokacin shi ne mai ɓoye ta. Allunan lallashi ba su yi aiki ba saboda an nemi mai saye ya ɗauki nauyin abin da injiniya zai iya gyarawa, kuma ya gyara cikin 'yan watanni da aka matsa masa.

Gyaran gam ya yi aiki ne domin ba a nemi canja halin PLA ba, an haɗa ta da abin da ke da halin da ta rasa. Amfanin kayan da aka yi da haɗe-haɗe ke nan, kuma a nan sashen da ya fi kowanne sirantaka ne ya warware matsalar. Wannan darasi ne mai kyau ga duk mai aiki a kan buhun hatsi ko kwandon kayan gwari ko ledar abinci mai ruɓewa, kuma abin takaici ne yadda labarin ƙarar ya rufe shi.

Abin da ya fi damuna shi ne, ƙarar da rashin ruɓewar daga tushe ɗaya suke. Mizanin nan na digiri 55 zuwa 60 shi ya sa ledar ta sandare a hannu, shi ya sa kuma ta ƙi sakin jiki a tulin bayan gida. Gam ya rufe alama ta farko, bai taɓa ta biyu ba, ba kuma zai iya ba. Sharaɗin tuli mai zafi yana nan a rubuce tun farko, amma abin da ya zauna a zuciyar mutane hoton leda ne tana narkewa cikin ƙasa. Shaidar da ledar ta samu ta masana'antar taki ce. Akwai ma'auni daban na takin gida a Turai, inda ake gwaji a digiri 20 zuwa 30 a ba roba har wata 12, kuma PLA zalla ba ta saba haye shi ba. Da wannan aka fara aunawa da shi, da tallan ya fito da wata fuska.

Fitowar 2021 ta fi ta 2010 gaskiya ta kowace fuska: ƙaramin kaya, shaguna kaɗan, bayani a fili. Amma ledar da sai an sa ta a ambulan an aika kafin ta ruɓe, ita kanta shaida ce cewa wurin ruɓewar bai samu ba tukuna. Masu wuraren ma ba duka ke maraba da ita ba. A 2019 masu masana'antun taki na jihar Oregon suka fitar da sanarwa tare cewa ba sa son ledoji da kofuna masu ruɓewa a cikin kayan da ake kawo musu. Sun ce wasu ba sa gama ruɓewa a lokacin da ake kwashe taki, kuma ƙa'idar noman da ba a sa sinadari a Amurka ta hana manomansa sayen takin da aka haɗa da irin wannan roba, su kuwa manyan masu saye ne. Sun kuma ce da zarar an buɗe wa mai ruɓewa ƙofa, marar ruɓewa ke biyo ta, domin mai zubar da shara ba ya bambance su. Ma'aikacin da ke tsaye gaban tuli yana tsince leda da hannu shi ma bai da lokacin karanta rubutun jikin kowacce, don haka duk mai ƙyalli da ya gani cirewa yake ya jefa cikin wadda za a kai bola.